Yariman Lapaha

Nuku'alofa, Tonga, 9 ga Maris, 1997

Goggo Kalolaine,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Matar fasto da ta dawo daga Auckland ta ce gwiwarki ta sake tashi, har da sanda kike zuwa coci. Allah ya sawwaƙe. Don Allah ki rage hawa benen nan.

Mu nan lafiya lau. Matata Seini na gaishe ki. 'Yarmu Lesieli ta shiga aji uku, haƙoranta biyu na gaba sun fita, in ta yi dariya kamar ɗakin da aka cire wa ƙyaure.

Na bar aikin gareji. Yanzu ƙaramar bas nake tuƙa wa wani otal, duk ranar da jirgin ruwa ya tsaya sai in kwashe baƙi mu zaga. Mukan fara da gidan sarki su leƙa ta shinge, daga nan Houma su jira teku ta feso ruwa ta ramukan dutse suna ihu kamar yara, sai Ha'amonga, inda kowane Bature sai ya tsaya ƙarƙashin ƙaton dutsen da aka gicciye a kan wasu biyu ya ɗaga hannu wai shi ke tallafe da shi. Amma inda na fi daɗewa garinmu ne, Lapaha. Kusan kullum ina wurin kaburburan sarakunan dā, daidai inda Baba ya yi aikinsa, kuma ni ake tambaya, ni ke ba da labari. Wani lokaci sai in ji kamar yana tsaye a bayana.

Na ba matar fasto ƙullin doya ta aiko miki, in masu binciken kaya sun bari ta wuce.

Ɗanki,
Lisiate

*

Mangere, Auckland, 6 ga Afrilu, 1997

Ɗana Lisiate,

Na gaishe ka, na gaishe da Seini da mai giɓi. Gwiwa da sauƙi. Doya ba ta iso ba, an ƙwace ta a filin jirgi, amma na karɓi niyyar.

Sau uku na karanta wasiƙarka, na uku ban ga rubutun ba saboda hawaye. Ashe zan rayu in ji an mayar wa gidanmu aikin ɗan'uwana! Shekara talatin da ɗaya Taniela ya yi yana share kaburburan nan, yana cire ciyawa daga tsakanin duwatsu da yatsunsa, kuma ban taɓa ganin ya shiga wurin da takalmi ba. Ko gajiya ta kama shi, a ƙasa yake zama, ba ya jingina da dutsen. Da ya rasu aka ba abokinsa Fatai aikin, abin ya tsaya mini a rai, don na san yana da ɗa namiji. To ga shi Allah ya yi.

Ranar Lahadi na miƙe a coci bayan addu'a, na gaya wa jama'a ɗan Taniela ya gaji ubansa. An yi tafi. Melenaite, wadda kullum ba ta da zance sai jikanta likita, ta taɓe baki ta ce madalla.

Na ba wani ɗan cocinmu da zai taho gida tabarmar ƙugu ta ubanka, wadda aka aiko mini bayan jana'iza. Kakarmu ce ta saƙa ta. Ka ɗaura ta in za ka shiga wurin, kamar yadda yake yi.

Roƙo ɗaya nake yi. Ka rubuto mini sunayen sarakunan da ke kwance a wurin, bi da bi, yadda ubanka ke jero su. Kaina ya fara zubar da su, jiya na tsaya a na bakwai.

Goggonka,
Kalolaine

*

Nuku'alofa, 20 ga Yuli, 1997

Goggo,

Gaisuwa da ladabi. Ki yafe mini jinkiri, jirage sun yi yawa a watannin nan, kuma Lesieli ta yi ƙyanda, amma ta warke sarai. Seini lafiya.

Tabarma ta iso, na gode ƙwarai. Sai dai aikin ba kamar yadda kike zato ba ne sosai, ƙarami ne. Maganar sunaye kuma zan zauna in rubuto in na sami natsuwa.

An yi wa hanyar gabas kwalta har kusa da Ha'amonga, ba za ki gane ta ba.

Ɗanki,
Lisiate

*

Mangere, 14 ga Satumba, 1997

Lisiate,

Ina lafiya. Ina fata iyalinka ma haka.

Da ka rubuto cewa aikin ƙarami ne, sai na ce tawali'un ubansa ne, har na nuna wa mata layin.

Ranar Laraba muna zauren coci, mu goma sha biyu, muna ɗinkin bargo, sai Melenaite ta shigo da jaridar Lahadi ta Turawan nan a hammata. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Kalolaine, ashe jinin sarauta muke zaune da shi shekara da shekaru, muna ba ki shayi a kofin roba? Ki yafe mana, ranki ya daɗe." Na ɗauka wasa ne irin nata, har na yi dariya. Sai ta buɗe shafin tafiye-tafiye ta shimfiɗa a kan bargon.

Ta karanta da Turanci, sannan ta fassara, don kada wata ta rasa. Wai a Tonga sun yi sa'a, Yarima Lisiate da kansa, jikan sarakunan dā, shi ya zaga da su, har ya hau da su kan kabarin kakansa. Ba wadda ta yi dariya, da ma sun yi, da ya fi mini sauƙi. Kowa ta sunkuyar da kai tana ɗinki. Na ninke aikina na ce gwiwa ta motsa, na fito. A tashar bas na tuna na bar sandata, ban koma ba.

Ga shafin na yanko na sa maka a ciki. Idona ya yi rauni, don haka nake tambaya. Mutumin nan da ke tsaye a saman kabari da takalmi, ya dafa kafaɗar Baturiya, kai ne? Abin da ke ƙugunsa, tabarmar da na aiko ce?

Mu talakawa ne, Lisiate. Masu shara ne mu, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba sai da na ga ka ji.

Kalolaine

*

Nuku'alofa, 12 ga Oktoba, 1997

Goggo,

Ina gaishe ki, in har kina karɓar gaisuwata. Jikinmu lafiya.

Ni ne. Tabarmar ce.

Ba wanda ya ba ni aikin Baba. Tsoho Fatai na nan da tsintsiyarsa. Ni direba ne kawai, in sauke baƙi, in yi musu surutu na minti ashirin, in kwashe su. Da wasiƙarki ta zo na ga yadda kika fahimci maganata, na zauna zan gyara, sai na kai wurin da kika ce kin miƙe a coci. Takarda huɗu na yaga. Na ce bari in jira wata mai zuwa, wata mai zuwa kuma na sake cewa haka.

Sunayen da kika nema, biyar na sani. Lokacin da Baba ke jero su ina can ina ƙwallo. Yakan ce in zo in zauna, in ce gobe.

Maganar yarima kuwa da wasa ta fara. In na gaya wa baƙi gaskiya, cewa duwatsun nan an sassaƙa su an jera hawa-hawa tun ɗaruruwan shekaru, sai su yi hamma su tambayi inda banɗaki yake. Wata rana wani tsohon Bature ya tambaye ni ko ina da dangi a cikin kabarin. Na ce ubana ya yi rayuwarsa duka a nan, wanda gaskiya ne. Sai ya juya ya gaya wa matarsa ni ɗan sarki ne. Ban musa ba. Ranar nan suka yi ta rusuna mini suna dariya, ni ma ina dariya. Washegari ni na faɗa da bakina. Kafin wata biyu na ƙirƙiro kaka, na ƙirƙiro yaƙi, na ƙirƙiro dalilin da ya sa yarima ke tuƙin bas. Goggo, abin da na fi jin kunyarsa shi ne daɗin da na ji. Duk rayuwata ɗan mai shara nake, sai ga mutane suna tambaya ko an yarda a taɓa hannuna.

Da tabarma ta iso na sa ta a akwati, na rantse ba zan fita da ita ba. Sati uku ta yi a ciki.

Ranar hoton, na duba ban ga Fatai ba, ya tafi jana'iza. Matar nan mai rubutu a jarida ta ce daga ƙasa hoton ba ya kyau, ko yarima zai yarda a hau? Na ce ai kabarin kakana ne, wa zai hana ni. Na hau na miƙa mata hannu. Ban ma tuna da takalmi ba sai da na gani a shafin da kika aiko.

Jaridar ta riga wasiƙarki zuwa Lapaha, wani ya kawo ta a jakarsa. Ranar Talata na iso da baƙi goma sha huɗu, sai na tarar da Fatai tsaye a tsakiyar hanya da manjagara a hannu. Bai ɗaga murya ba. Ya zo ta tagata ya leƙo, ya gaishe da baƙin da kai, sannan ya ce mini, "Ɗan Taniela, baƙi su sauka su gani. Kai ka zauna a mota." Shi ya zaga da su da ɗan Turancinsa. Ina kallonsa ta gilashi ya tuɓe silifas a bakin ciyawa, Turawan ma duk suka tuɓe nasu ba wanda ya ce musu.

Mai otal ya sallame ni a satin. Ya ce ba ruwansa da ƙarya ko gaskiya, amma bas ɗinsa sai ta bi ta Lapaha. Seini ta daina zuwa kasuwar Talamahu, don matan da ke kusa da teburinta in ta zo sai su miƙe tsaye su ce ga gimbiya. Ni kuwa sai dai ta ajiye mini abinci ta fita waje. 'Yan'uwan Inna a Lapaha sun aiko cewa kada in zo bikin coci na bana.

Ba na neman ki yafe yanzu. Na dai ce ki ji daga bakina.

Lisiate

*

Nuku'alofa, 16 ga Nuwamba, 1997

Goggo,

Gaisuwa. Sati biyar ke nan ban ji daga gare ki ba. Na gane amsar. Na naɗe tabarmar, zan ba duk wanda zai taho ya kawo miki, kuma ba zan ƙara damun ki da takarda ba. Lesieli dai ba ta yi laifi ba, in kin aiko mata katin Kirsimeti kamar kullum zan ba ta ba tare da na buɗe ba.

Lisiate

*

Mangere, 30 ga Nuwamba, 1997

Ɗana,

Ina gaishe ku duka. Wace amsa ka gane? Asibiti na kwanta, an yi mini aiki a gwiwa, wasiƙunka biyu tare na same su a ƙarƙashin ƙofa. Kada ka kuskura ka aiko mini da komai. Kai da saurin yanke hukunci kamar ubanka.

A gadon asibiti na sa aka kawo mini jakata, na sake karanta wasiƙarka ta farko, ta watan Maris. Ga bas nan a rubuce, ga otal. Ba inda ka ce an ba ka aiki. Ni na tsallake layi biyar na kama guda ɗaya, saboda shi nake so.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Da Taniela ya rasu na ce muku takardun tafiyata ne ba su fito ba, shi ya hana ni zuwa. Takarduna lafiyarsu lau. Sabon aiki na samu a gidan kula da tsofaffi, na ji tsoron in na nemi hutu za su ɗauki wata. Ni ce babbar 'yar'uwarsa, ni ya kamata in zauna a wajen kan gawarsa, aka rasa ni, aka zaunar da 'yar baffanmu a wurina. Shekara tara ina jin matan nan suna sane ko da ba su faɗa. Da na ga layinka, sai na ga abin da zan rufe bakinsu da shi. Ban miƙe a coci don kai ba, ban miƙe don ubanka ba.

Wannan bai wanke ka ba. Ni na yi fahariya da abin da ban bincika ba, kai ka taka kabari. Amma kowa zai kwashe nasa.

Ga umarnina, kuma ka san maganar goggo ba a mayar da ita. Ka nemi saiwar kava mai kyau, wadda manya ke jiƙawa su sha a zaman sulhu, da alade. Ka rataya ganyen bishiyar ifi a wuya yadda masu neman gafara ke yi tun zamanin kakanni, ka je ka zauna a ƙasa a ƙofar wakilin gari a Lapaha. Kada ka yi magana da bakinka, ka bar kawunka Vilisoni ya yi magana, ya ce ni na aiko ka. Kada ka tashi sai an tashe ka, ko da za ka kwana uku.

Ni kuma Lahadin da na fara taka ƙafa zan miƙe a inda na miƙe, in janye maganata da bakina.

Ka gaya wa Seini na ji abin da ake mata, kuma ta fi mu duka haƙuri.

Goggonka

*

Nuku'alofa, 21 ga Disamba, 1997

Goggo Kalolaine,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Mun yi murna da jin an yi aikin lafiya, Allah ya ƙara sauƙi. Ki yafe mini zaton da na yi. Mu ma lafiya.

Na je ranar Asabar, yau kwana takwas. Kawu Vilisoni da farko ya ƙi, ya ce shi ba zai kai fuskarsa a mara ba. Da na karanta masa wasiƙarki, wurin umarnin kawai, sai ya ce in kawo masa rigarsa. Seini ce ta tsinko ganyen ta ɗinka su, ta rataya mini da hannunta. Shi ne karo na farko da ta dube ni ido da ido tun watan Satumba.

Da hantsi muka isa. Kawu ya shiga da kava da aladen, ni na zauna a ciyawa a bakin hanya, na sunkuyar da kai. Kin san gidan, yana kallon kaburburan. Mutane suka fara taruwa a inuwar bishiyar mangwaro. Ina jin muryar Kawu a ciki yana ta ba da haƙuri, ba na jin ana amsa masa. Rana ta take, gumi na bin ganyen yana shiga idona, tururuwa na hawa ƙafata, ban motsa ba.

Wajen azahar na ji ƙarar injin da na sani. Bas ɗina ce, da sabon direba. Ya rage gudu don ya ga taro, baƙin kuwa da suka hango mutum zaune da ganye a wuya, sai suka ɗauka wasan gargajiya aka shirya musu. Suka sa ya tsaya. Ina jin ƙofa ta buɗe, ina jin takunsu a kan ciyawa, ina jin kyamarori ƙyas ƙyas. Wata mata ta tsuguna dab da ni ta ce in ɗan ɗago kai in yi murmushi. Goggo, da ƙasa ta tsage a lokacin da na gode mata.

Sai na ga ƙafafu biyu ba takalmi sun tsaya a gabana. Fatai ne. Ya juya wa baƙin baya, ya buɗe hannuwansa ya kare ni da jikinsa. Tsohon da iska ke iya kayarwa. Ya tsaya cak. Sai matan da ke inuwa suka taso ɗaya bayan ɗaya suka jeru kusa da shi, har da 'yan'uwan Inna da suka ce kada in zo biki, suka kewaye ni, duk sun ba hanya baya. Haka suka tsaya a rana har bas ta tashi.

A nan ne na yi kuka, ba lokacin da aka yafe ba.

Da wakilin gari ya fito, ya yi magana gajera. Ya ce an karɓi kava, maganar ta mutu, kada wanda ya sake ta da ita. Fatai ya sunkuya ya cire mini ganyen. Na kama ƙafarsa na ce Baba ka yafe mini. Ya ce, "Tashi, ka jiƙa mini ƙafa. Kunyarka tamu ce, ba ta sayarwa ba ce." Sannan ya ce in shigo in ci abinci, na ci a bakin ƙofa.

Ban koma tuƙi ba, kuma ba na jin zan koma. Na sami aikin dako a tashar jiragen ruwa, muna loda kaya. Seini ta koma teburinta.

Wakilin gari ya ce magana ta mutu, amma suna bai mutu ba. A tasha ba mai kirana Lisiate. Da safe shugabanmu kan ce, "Yarima, in ba damuwa, a taimaka wa talakawa da buhun nan." Kowa ya yi dariya. Ranar farko na ajiye buhun na tafi bayan sito na daɗe. Kwanan nan Lesieli ta dawo daga makaranta ta tambaye ni me ya sa yara ke ce mata 'yar Yarima, ko mu sarakai ne. Na zaunar da ita a kan gwiwata na gaya mata duka, da hawan kabarin, da takalmin, ban rage komai ba. Sai ta tambaya ko za su daina. Na ce mata ita za su daina, in ta yi haƙuri. Ni kuwa ba na tsammani, ina jin da shi za a binne ni.

Ki rubuto mini yadda taki Lahadin ta kasance. Gobe Litinin akwai jirgi, ƙarfe shida za a kira Yarima, kuma zan amsa.

Ɗanki,
Lisiate